Tsohuwar Da Ke Bayan Labule

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da kowane yammaci ba. Rana ta sauka bayan azuzuwa, ɗalibai sun watse tun ɗazu, makarantar ta yi irin shirun nan da takan yi idan ƙafafu sun bar ta. A ɗan gidan da ke ƙarshen layin gidajen malamai, mutumin da yara ke kira Mai Wasa na zaune bakin ƙofa, ya kifa wata ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyinsa yana ɗaure igiyar da aka tsinka mata. Matarsa na kicin, ƙamshin albasa na fitowa ta taga. Autarsu kuwa tana kwance a ɗaki, domin tun rana take kukan ciwon kai, har uwar ta ce yau babu inda za ta, ko da wasan kwaikwayon da ake shiryawa zai rushe.

"Yaran sun yi ta tambayarta," in ji shi, bai ɗago kai ba.

"Su yi ta tambaya," ta amsa daga ciki. "Kai ma da ka zauna ka huta. Mutum ya yi furfura yana koya wa 'ya'yan mutane kukan ƙarya."

Ya yi dariya, ya buɗe baki zai rama, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙara ɗaya, mai nauyi, sannan abin ya gangaro a hankali ya faɗi ƙasa kusa da ƙafarsa. Dutse ne, bai kai dunƙulen hannu ba.

Ya miƙe ya zagaya bayan gidan. Da sauran haske, ana iya hango katangar makaranta da filin ƙwallo har ƙarshensa, kuma babu kowa, ko akuya. Yana tsaye na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, daga nan sai suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba jinkiri, kamar mai jifan ya san ba za a hana shi ba. Ya sunkuya ya ɗauki guda. Da ɗumi, irin ɗumin abin da aka daɗe da riƙewa a tafin hannu.

Da ya koma ciki ya tarar da matarsa tsaye a tsakiyar falo da ludayi a hannu, ba ta motsi. Ta nuna masa ƙasa da ido. Dutse ne a kan tabarma, cikin ɗaki, alhali rufin bai huje ba kuma tagar falon a rufe take.

Sai suka ji muryar.

Daga ɗakin Auta take fitowa, amma ba ta yarinya ba ce. Muryar tsohuwa ce, mai kauri, mai kwanciya, wadda ba ta gaggawar kai kalma. Tana cewa a nan ta zauna tun kafin a san da hanya, a nan ta binne nata, wanda zai tashe ta sai ya fara gaya mata inda za ta. Mai Wasa ya san kalmomin nan sarai, don da hannunsa ya tsara su.

"Auta, bar wasan nan haka, magariba ta yi," ya ce.

Ya tura ƙofar. Yarinyar na zaune a gefen gado, fuskarta na kallon bango, bayanta a ranƙwashe kamar na wadda shekaru suka danne. Ta juyo a hankali. Idanunta a buɗe suke, amma ba shi suke kallo ba.

"Me ya sa yau ba a kawo ni ba?" ta ce.

Daga haka ta sulale a kan gadon, barci ya ɗauke ta. Jifan ya tsaya. Can nesa aka kira salla, su biyun suna tsaye bakin ƙofa, babu wanda ya kalli ɗan'uwansa.

Ba malamin aji ba ne Mai Wasa. Ya ci ƙuruciyarsa a kan dandamali, yana yawo da ƙungiyar wasan kwaikwayo gari gari, har gwiwa ta fara gardama kuma 'yan ƙungiyar suka watse, kowa ya kama abin da zai ci da iyali. Shugabar makarantar ce ta nemo shi. Ta ce tana da yara masu cin jarrabawa, amma idan aka ce ɗaya ya tashi ya faɗi sunansa a gaban mutane sai ya kama kallon takalminsa. Ba darasi take so ya ba su ba. So take ya zauna tare da su zangon karatu guda, su ga yadda mai sana'a ke yin sana'arsa, su sa hannu a ciki, a ƙarshe su nuna wa iyaye abin da suka haɗa. Aka ba shi gida, aka ba 'yarsa gurbi a aji, aka miƙa masa makullin tsohon zauren taro da aka daɗe ba a buɗe ba.

Shi da yaran suka share zauren. Suka fitar da karyayyun kujeru, suka kakkaɓe labulen da ƙura ta mayar ruwan ƙasa, suka buɗe ɗan ɗakin ajiya da ke bayan dandamali suka zuba ganguna da kayan sawa a ciki. Ya koya musu numfashi daga ciki, ya koya musu tsayuwa, ya koya musu yadda ake jefa murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba. Malamin lissafi kan ce masa shi kaɗai ne a makarantar nan ake biya don ya sa yara surutu. Kuma kullum kafin su fara, sai ya sa su yi da'ira, ya tafa hannu ya ce, "Duk mai abin faɗa a ɗakin nan, fili nasa ne, ya shigo." Da haka ya fito da yara masu kunya da yawa daga lungu.

Tare suka ƙirƙiri labarin: wata tsohuwa ce da za a rushe gidanta don hanya ta wuce, ita kuma ta ƙi tashi. Kowa ya sami abin da zai taka, amma tsohuwar ta gagara. Duk yarinyar da ta gwada, sai ta yi rawar murya da dogara sanda, sauran su fashe da dariya.

Auta ba ta cikin masu gwadawa. Tana da in'ina tun tana ƙarama, kalma kan tsaya mata a maƙogwaro har ta runtse ido, don haka aikinta ninke kaya da jera ganguna a ɗakin baya. Wata yamma, bayan ya tafa hannu ya faɗi abin da ya saba faɗa, sai ta ɗaga labule ta fito. Ta tako tsakiyar da'irar, ta tsaya, ta yi jawabin tsohuwar daga farko har ƙarshe, babu inda harshenta ya sarƙe. Zauren ya yi tsit. Wata yarinya ta fara kuka. Mai Wasa ya juya baya don kada yara su ga idonsa. A ranar da gudu ya shiga gida yana gaya wa matarsa cewa Allah ya kwance bakin 'yarsu.

Wannan ne ya sa, washegarin jifan, da matar ta ce abin nan ba na lafiya ba ne, ya ƙi saurara.

"Maman Auta, na ga irin wannan," ya ce. "Ɗan wasa kan shiga cikin wanda yake takawa har ya biyo shi gida. Gajiya ce."

"Duwatsun ma gajiya ce?"

Da yamma ya kama hannun yarinyar ya tafi da ita zaure, ta yi tsohuwar fiye da yadda ta taɓa yi, kuma a daren nan ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Ya kwanta yana gaya wa kansa abin ya wuce.

Bai wuce ba. Sannu a hankali suka gane tsarinsa, ko da yake babu wanda ya furta. Ranar da Auta ta je gwajin wasan, gidan zai kwana lafiya. Ranar da babu gwaji, ko uwar ta hana, da zarar inuwa ta cika tsakar gida sai jifan ya fara, ƙofar kicin ta yi ta buɗewa tana rufewa, a ji takun ƙafa mai jan ƙasa yana zagaya falo. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta ko aron gishiri. Matar malamin lissafi, wadda da take shigowa hira, sai ta koma gaisuwa daga bakin hanya.

Yarinyar kuwa ta dinga ramewa. Takan zauna gaban abinci ta yi ta juya cokali. Idan aka tambaye ta abin da ta yi a zaure sai ta ce ita dai ta tuna tana ninke kaya, sai kuma ta ga ana tafa mata. Sun kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba ido da kunne, aka ce a ba ta hutu da abinci mai kyau.

Sai tsohuwar ta fara ƙara abin da ba a tsara ba. Ana cikin gwaji, Auta ta bar maganar hanya, ta tako bakin dandamali ta nuna ƙasa, ta ce a nan wata babbar bishiya take kafin a sare, can inda aka yi ofis rijiya ce aka cike. Ta kalli yaran ɗaya bayan ɗaya ta ce ta san iyayensu tun suna zama a kujerun nan da gajeren wando. Yaron da ke kiɗa ya ajiye ganga ya fita, bai sake dawowa ba.

Shugaba ta kira Mai Wasa ofis. Mace ce mai faɗin magana kai tsaye, amma ranar sai da ta gyara gilashinta ta sake gyarawa.

"Malam, iyaye sun fara ƙananan maganganu. Wasu na cewa kiɗan yamma ne ya jawo wani abu. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, masu makarantar za su zo ranar wasan, kuma a ranar za su yanke ko a ci gaba da wannan aiki ko a mayar da zauren ɗakin jarrabawa. Na leƙa na ga 'yarka. Idan suka ga abin da na gani, babu mai rufe mana zaure." Ta dube shi ta saman gilashin. "Lafiyarta dai ƙalau ko?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe," ya ce.

Maganar ta bi shi har gida. Ya tarar da Auta zaune a bakin ƙofa, ta haɗa kai da gwiwa, rana na gab da faɗuwa. Ya zauna kusa da ita. Ta kama bakin rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama.

"B-b-baba," ta ce, ta runtse ido tana kokawa da kalmar. "B-ba ni ba ce."

Da muryarta ta faɗa, 'yar siririya, mai tsinkewa. Sai a lokacin ya lura ya daɗe bai ji ta ba. Ya ɗaga kai ya ga matarsa tsaye a ƙofar kicin, hawaye na bin fuskarta.

"Kira Kawu," ya ce.

Kawun matar tasa dattijo ne mai karatu, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa, kuma mutane kan kai masa irin wannan lalura. Washegari bayan la'asar ya iso, siriri, da 'yar jaka a hannu. Bai yi wata hidima ba. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa, ya sa aka ba shi labari tun daga farko, bai katse ba. Ya fita ya dubi tulin duwatsun da aka share gefe. Sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a falo, uwar ta zauna ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, uban kuma ya zauna daga ƙafafu.

"Duk abin da za ka ji, ɗana, kada ka amsa sai na ce ka amsa," ya ce wa Mai Wasa.

Ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. An daɗe babu abin da ya faru. Hasken taga ya koma ja, sannan ya fara dushewa. Yatsun ƙafar Auta suka fara rawa, rawar ta hau har gwiwa, numfashinta ya yi nauyi. Dutse ya faɗo kan rufi, wani ya biyo, Kawu bai ko ɗaga ido ba, sai dai ya ɗan ɗaga murya. Can yarinyar ta tashi zaune, da ƙarfin da uwar ta kasa riƙewa, bayanta ya ranƙwashe.

"Ya isa," in ji muryar tsohuwar. "Kana ƙona ni, ban yi maka komai ba."

"Wace ce ke?" in ji Kawu.

"Mai wurin."

"Wane wuri?"

"Duk inda kuke takawa. Aka sare bishiyata na koma rijiya. Aka cike rijiya na koma ɗakin bayan labule. Ban taɓa kowa ba. Na yi shiru shekara da shekaru, ku ke da baki, ku ke da taro."

"To me ya haɗa ki da yarinyar mutane?"

Kan Auta ya juya a hankali har idanun suka sauka a kan ubanta. "Tambayi wannan. Shi ya kira ni. Kullum sai ya tafa hannu ya ce duk mai abin faɗa a ɗakin ya shigo, fili nasa ne. Ina cikin ɗakin. Ina da abin faɗa. Kuma labarina suka ɗauka suna wasa da shi, suna dogara sanda suna dariya."

Mai Wasa ya ɗago kai. Ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Da yara yake, ba da ke ba, kin kuma san haka. Ko da an kira ki ɗaki, ba a kira ki jikin mutum ba. Wannan zalunci ne, kuma ke da kika san zafin a tashe ki daga wurinki, ke ce kika tashi yarinya daga jikinta. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku, ki fita."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na same ta tana kuka a cikin kaya. Ubanta na da haƙurin jiran 'ya'yan kowa su gama magana, ita kuwa da ta fara sai ya ƙarasa mata. Na ba ta abin da yake so ya ji. Ka tambaye shi in bai yi murna ba."

"Ba hira na zo yi ba," in ji Kawu, ya ci gaba da karatu.

Jikin yarinyar ya shiga karkarwa, ta yi wani nishi mai tsawo, uwar na riƙe da ita tana kiran sunan Allah. Ɗakin ya yi duhu, babu wanda ya tashi kunna fitila. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, ta koma ta mai roƙo.

"Tsaya, malam. Zan fita. Amma a bar ni zuwa ranar taron. Sau ɗaya in tsaya gaban mutane in faɗi nawa, su ji. Daga nan in tafi, ba za ku ƙara jin ko tarina ba." Idanun suka koma kan uban. "Kai ka san abin da zan yi a ranar. Za su tashi tsaye. Ba za a rufe maka zaure ba, yaran nan da ka fito da su daga lungu ba za su koma ba. Kuma zan bar mata harshen a kwance, kyauta. Ba za ta ƙara sarƙewa ba har ta mutu."

Kawu ya dakatar da karatu. Sannan ya juyo ya dubi Mai Wasa. "Ga ta, da kai take ciniki. Ni karatu zan iya, amma kai ka buɗe ƙofar da bakinka. Amsa mata."

Abin da ya fi ba Mai Wasa tsoro daga baya, idan ya tuna, shi ne bai amsa nan take ba. Ya ga zauren cike, ya ga masu makarantar a layin gaba, ya ga 'yarsa na magana kamar ruwa na gudu, yau da gobe da ranar da za ta tsaya neman aiki. Duk wannan ya wuce ta gabansa, kuma yana da daɗi. Sai ya dubi ƙafafun da ke gabansa a kan tabarma, ƙanana, sun yi sanyi, ƙashin idon sawun ya fito. Ya sa hannu biyu ya rufe su.

"Baiwar Allah," ya ce, "an zalunce ki, na ji, kuma ban san kina wurin ba. Amma kiran da na yi na janye shi. Ba na son kyautarki. Ki ba ni 'yata yadda take."

Ƙarar da ta fito daga bakin yarinyar ba ta yi kama da ta mutum ba. Duwatsu suka zubo kan rufin gaba ɗaya kamar an juye kwando, ƙofar kicin ta bugu da bango. Kawu ya matso, ya ɗora hannu a goshinta, ya yi ta karatu ba tsayawa, zufa na ɗiga daga gemunsa. A hankali ƙarar ta koma kuka, kukan tsohuwa mai gajiya.

"In na fita ina za ni?" ta ce. "Ko'ina kun cika."

"Ƙasar Allah da faɗi," in ji Kawu. "Amma idan ɗakin bayan labulen kike so, ba mu da buƙatarsa. Za a kwashe kaya a rufe, babu mai damunki, yara kuma za su bar zauren kafin rana ta faɗi. Wannan maƙwabtaka ce, ba biyan fansa ba. Ke kuma ki yi alkawari da sunan wanda ya fi ƙarfinmu duka: ba ke ba yarinyar nan, ba ke ba wani yaro, ba ke ba gidan nan."



"Na yi," in ji muryar, can ƙasa. Kawu ya sa ta maimaita alkawarin kalma kalma, ta maimaita. Ƙafar hagun Auta ta miƙe ta sandare, babban yatsan ya yi rawa, ta yi atishawa mai ƙarfi, sannan jikinta ya saki gaba ɗaya ta faɗa kan cinyar uwarta.

Sai a lokacin suka ji ashe duniya na nan: kukan gyare, rediyon maƙwabta, wani yana wanke kwano. Uwar ta tashi ta kunna fitila. Auta ta buɗe ido ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"M-mama," ta ce. Ta tsaya, leɓɓanta na motsi, kalmar ta ƙi fita. Uban ya san abin da za ta ce, yana kan harshensa. Ya danne shi, ya jira. "Y-yunwa nake ji."

Kafin Kawu ya tafi da safe, ya ja Mai Wasa gefe. "Irinsu na haɗa ƙarya da gaskiya, kada ka riƙe duk abin da ta faɗa. Amma wanda ka san gaskiya ne, ka gyara. Kuma ko me za ka ji daga ɗakin bayan labulen, kada ka amsa, kada ka kira."

Labarin ya riga shi isa makaranta. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga wasan, wasu suka zo ofis da faɗa. Mai Wasa ya tsaya gabansu bai ɓoye komai ba, ya kuma gaya wa Shugaba cewa Auta ba za ta yi tsohuwar ba. Ta dube shi ta ce ai da ranar da ta tambaye shi ya faɗa mata gaskiya, da ita da kanta ta hana. Suka kwashe ganguna da kaya daga ɗakin baya da rana tsaka, aka sa kwado aka rufe. Gwaji ya koma safiya, a inuwar da ke gaban azuzuwa.

A nan aka yi wasan, da hantsi, iyaye na zaune a kan bencin aji. Wata doguwar yarinya ce ta yi tsohuwar, ta yi iya yinta, ta manta wani wuri har sai da aka raɗa mata. Labulen da aka ɗaura da igiya ya faɗo a kan sabon mai kiɗa, mutane suka yi dariya. Babu wanda ya tashi tsaye. Amma yaron da a farkon zango ba ya iya faɗin sunansa ya yi shugaban ma'aikatan hanya har ana jin sa daga bakin ƙofar makaranta, uwarsa na ta zungurar ta kusa da ita tana cewa nata ne. Auta da kanta ta nemi a ba ta maƙwabciyar da ke kawo wa tsohuwar ruwa. Magana ɗaya gare ta, ta sarƙe a tsakiya, filin ya yi shiru, ta runtse ido ta fitar da ita.

Masu makarantar suka ce za su yi shawara. Daga baya aka ji sun yarda a ci gaba, amma zauren za a bar shi ga jarrabawa, kuma wani za a ɗauko a madadinsa zango mai zuwa, don sunan Mai Wasa ya riga ya haɗu da abin da iyaye ba sa son tunawa. Bai yi gardama ba. Ya zauna da malamai biyu ya nuna musu yadda ake tafiyar da da'ira da motsa murya, don kada abin ya mutu da tafiyarsa.

Ranar da za su tashi, bayan an ɗaure kaya, ya je zauren ya duba ko ya bar wani abu kafin ya mayar da makulli. La'asar ta yi sanyi. Kujerun jarrabawa na jere layi layi, babu kowa a kansu. Ya juya zai fita ke nan sai ya ji ta, daga bayan labule, ta cikin ƙofar da ke da kwado. Muryar tsohuwar ce, ƙasa ƙasa, ba ta bakin kowa ba, tana yi wa kujerun jawabinta tun daga farko.

Bai matsa gaba ba, bai kuma gudu ba. Ya tsaya nan bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya saurara har ta kai ƙarshe. A duk rayuwarsa bai taɓa jin an yi magana haka a kan dandamali ba, kuma ya san ba zai ƙara ji ba. Da ta yi shiru, tafukan hannunsa suka ɗago da kansu, kamar yadda suka saba. Ya mayar da su cikin aljihu.

Ya ja ƙofar zauren ya kulle, ya kai makullin ofis, ya kama hanyar gida da sauri tun rana ba ta faɗi ba. Daga nesa ya hango matarsa da Auta zaune a kan ƙullin kaya suna jiransa, yarinyar na ba uwarta wani labari, uwar na saurare.